Kunyar da Ke Korar Mu Daga Gidajenmu

Kusan kowace unguwa tana da irin gidan nan. Mai gida ya yi ritaya, ko kasuwa ta ja baya, ga ɗaki a ƙofar gida babu kowa a ciki tun da babban ɗansa ya yi aure ya tashi. Sai wani abokin masallaci ya zo da wani saurayi, ya ce yaron kirki ne, ɗan garinsu ne, aiki ya samu a nan, wurin sa haƙarƙari kawai yake nema. Aka yi musabaha a zaure, aka ambaci kuɗi sama-sama kamar ana faɗin abin kunya, aka shafa fatiha. Ba takarda, ba shaida, ba wa'adi. Uwargida kuwa a bakin yara ta ji labari, bayan ta ga ana shigo da katifa.

Wata ukun farko lafiya lau. A na huɗu kuɗin haya ya makara, a na shida ya ɗauke ɗif. Hita ta shigo ɗakin, katin wutar da yake kai mako biyu ya koma kwana biyar. Abokai suka fara zuwa kallon ƙwallo har sha biyun dare. Banɗaki ɗaya ne a gidan, kuma sai an ratsa tsakar gida ake zuwa, saboda haka matar gida da 'yan matanta suka koma wuni da hijabi a cikin gidansu, da zafin bazara. Ta yi magana, mai gida ya ce, "Ki yi haƙuri, zan same shi." Ya fita ya tarar da yaron a zaure, yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni?" Baba ya amsa, ya tambaye shi aiki, ya wuce masallaci. Haka aka kwashe shekara biyu. Ranar da tura ta kai bango, mutumin nan da ya kasa furta kalma ɗaya shi ne ya kira kafinta ya cire ƙofar ɗakin, ya watso kayan yaron waje. Aka ƙare a ofishin 'yan sanda, unguwa ta cika tana kallo.

Idan ana ba da irin wannan labari a majalisa, laifin duka a kan ɗan haya muke jibgawa. Mu ce 'yan zamani ba su da ta-ido, mu ce alheri ya zama abin tsoro. Ba mu zo wanke ɗan hayar da ya ci amana ba, laifinsa yana wuyansa. Amma mu masu gidaje, mu ne muke haƙa ramin da hannunmu. Mukan fara da shirun da muke kira kunya, mu ƙare da zaluncin da muke kira ƙwatar haƙƙi. Tsakanin shirun da zaluncin kuwa akwai hanyar da addininmu da al'adarmu da dokar ƙasa duk suka shimfiɗa, mu ne dai muka ƙi bin ta.

Mu fara da gaskiyar abin da ya sa muke ba da ɗakunan. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne, kowa kuma ya san inda yake ƙarewa a kasuwar hatsi. Magidanci ya duba ya ga ɗaki a rufe, ya ga kuɗin makarantar yara a gabansa. Don haka ya ba da haya, kuma babu aibi a ciki, halak ɗinsa yake nema. Aibin shi ne mu shiga ciniki muna yi wa kanmu ƙaryar cewa taimako muke yi. Mun karɓi kuɗi, amma muna so a ce mana masu alheri. Shi ya sa bakinmu yake nauyi wajen gindaya sharaɗi, don mai alheri ba ya kafa sharaɗi a tunaninmu. Shi kuma wanda ya shigo, tun da an ce masa "ai nan gidanku ne", sai ya ɗauki maganar da gaske.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Gaskiya ne, raɓa da hantsi take bushewa. Shari'a ma ta yi wa baƙunci iyaka: a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru sadaka ne, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Wanda ya shigo da katifa da risho da bokitin wanka ya wuce baƙo. Abokin zama ne, kuma zo mu zauna zo mu saɓa ne. Duk wanda ya haɗa ƙofa da banɗaki da mitar wuta da wani, ya san saɓani yana nan tafe, abin da ya rage shi ne ko an tanadi ma'aunin da za a auna shi.

Masu kare shirun nan hujjarsu ɗaya ce: kunya. Su ce kunya daga imani take, yaya za ka dubi idon ɗan mutane ka ce ya sa hannu a takarda kamar ba ka yarda da shi ba? To, mu koma gidan da ya fi kowane gida daraja. A walimar auren Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Nana Zainab 'yar Jahshi, mutane sun ci abinci sun watse, wasu kaɗan suka zauna suna hira. Anas ɗan Malik ya ba da labarin yadda ya riƙa fita yana dawowa ko za su gane su tashi, saboda tsananin kunyarsa. Kunyar tasa kamala ce. Amma Allah bai bar al'amarin ya tsaya a kan kunyar mai gida ba. Aya ta 53 a Suratul Ahzab ta sauka, ta umarci baƙi su tashi idan sun gama cin abinci, ta bayyana cewa zaman nasu yana cutar da shi, ta kuma nuna cewa gaskiya ba abar jin nauyin faɗa ba ce. A cikin ayar ne kuma aka sa shamaki tsakanin baƙi da matan gidan. Wato baƙon da ya zarce lokacinsa al'amari ne da ya kai a saukar da hukunci a kansa, kuma hukuncin ya haɗa da sirrin matan gida. Mu da aka bar wa hukuncin a rubuce, da wane baki za mu ce kunya ce ta hana mu aiki da shi?

Batun takarda kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma an yi wa muminai maganar ne, mutanen da suka fi mu yarda da juna. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda aka shekara ɗaruruwa ana karantawa a zaurukanmu, ta sharɗanta a ambaci kuɗi a kuma yanka wa'adi kafin ijara ta inganta. Da yawa daga cikinmu mun biya wannan babi a gaban malam, mun tashi mun je mun ba da ɗaki da "a dai riƙa kawo abin da ya sawwaƙa". Daga nan rigima take tsirowa. Mai gida yana lissafin dubu goma a ransa, ɗan haya yana lissafin dubu biyar a nasa, kowa kuma yana ganin ɗan'uwansa ne macuci.

Wasu za su ce ai wannan boko ne, kakanninmu da amana suka zauna. Su sake duba tarihi. Bahaushe ya daɗe da sanin saukar da baƙo a matsayin sana'a mai ƙa'ida. Fatoma a Kano, da mai gida a zangunan Kumasi da Sabon Ibadan, suna saukar da fataken goro da na shanu, su ba su ɗaki da abinci, su ajiye musu kuɗi, su tsaya musu a ciniki, su karɓi la'adarsu. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga shi a 1969. Baƙon ya san abin da zai samu da abin da zai biya, ya san ranar da kayansa suka ƙare zai kama hanya. Sannan masaukin baƙi daban, cikin gidan iyali daban. Ginin gidan Bahaushe ma kansa shaida ne: zaure, ƙofar gida, shigifa, kafin a kai tsakar gida, kowane da iyakar wanda zai taka shi. Amanar kakanninmu tana da katanga. Mu ne muka rushe katangar saboda fili ya yi tsada, muka gina gida a rabin fuloti da banɗaki ɗaya, sannan muka cusa baƙon namiji a ciki muna cewa al'ada muke rayawa.

Kuma wa yake biyan kuɗin wannan kunyar? Ba mai gida ba ne. Shi da safe ya fice, sai bayan isha'i. Matar gida ce take wuni da matsalar. Ita take wanke banɗakin da aka ɓata, ita take sayen ruwan garuwa da wani ya ƙarar a wanki, ita take ƙirga kwanukanta, ita take hana 'yarta budurwa fitowa shan iska, ita take kwana da ido ɗaya idan mai gida ya yi tafiya. Idan ta yi ƙorafi a ce ba ta son mutane, a ce mata akwai ƙananan maganganu. Mutumin da yake jin nauyin yaron da bai haɗa komai da shi ba, ba ya jin nauyin matar da ta haifa masa 'ya'ya shida. Wannan ba kunya ba ce, tsoron bakin duniya ne, kuma an zaɓi a sayi sunan kirki a masallaci da kwanciyar hankalin iyali. Mun ga auren da ya girgiza a kan haka. Mun ga matar da ta yi yaji, ba don kishiya ba, don ɗan haya.

Abin ya fi tsanani idan mazaunin ɗan'uwa ne. Ƙanin miji ya zo karatu jami'a, ko ɗan kawu ya zo neman aiki, "kafin ya samu wuri". Shekara huɗu ta wuce wurin bai samu ba, don ba a nema. Shi ba ya biyan ko sisi, don haka babu ma bakin zaren da za a kama. An taɓa shi an taɓa dangi, waya ta fara kaɗawa daga ƙauye. Alhali hadisi ingantacce ya yi kashedi mai tsanani a kan shigar dangin miji maza wurin matarsa, har ya kwatanta haɗarin da mutuwa. Zumunci wajibi ne, amma ana iya sada shi ta hanyar da ba ta ƙona gida: a kama masa ɗaki da abokansa a taimaka da kuɗin wata uku, ko a faɗa masa tun ranar da ya sauka cewa zaman zuwa ƙarshen zangon karatu ne, a kuma faɗa wa iyayensa haka. Zumuncin da aka yi wa wa'adi ya fi daɗewa. Wanda aka bari sakaka, galibi da gaba yake ƙarewa, har 'ya'ya su gada.

Yanzu mu zo ga rabin laifinmu na biyu, wato ranar fashewa. Mai haƙuri idan ya tashi, sai ya ga kamar shekarun da ya yi yana haɗiye takaici sun ba shi lasisin yin komai. Ya cire ƙofa, ya yaye kwano, ya yanke wuta, ya sa kwaɗo a banɗaki, ya turo 'yan daba, ko ya kira ɗan sanda ya ce a kulle masa yaro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake halal ko yake bisa doka. Kotunan Najeriya sun daɗe suna hukunta mai gidan da ya fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko da kuwa ana bin ɗan hayar bashi. A yawancin jihohi, idan ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biya wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara na wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, a ba shi takardar kwana bakwai ta sanar da niyyar zuwa kotu, sannan alƙali ya yi hukunci. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, saboda haka mai gidan da ya sa aka tsare ɗan haya a kan kuɗin ɗaki ya ci zalinsa, ya kuma buɗe wa kansa ƙofar ƙara. Ga abin takaici: wanda ya shekara biyu ana cutarsa, a wuni ɗaya sai ya koma shi ne mai laifi, shi ne mai biyan diyya.

Za a ce hanyar kotu doguwa ce, kuma gaskiya ne. Shi ya sa muke cewa tun ran gini ran zane. Takardar da muke magana ba ta buƙatar lauya ko Turanci. Shafi ɗaya na littafin makaranta ya isa, da boko ko da ajami. A rubuta kuɗin da ranar biya. A rubuta yadda za a raba kuɗin wuta da na ruwa, da ko an yarda da hita da dutsen guga. A rubuta lokacin rufe ƙofar gida, da wanda aka yarda ya kwana da wanda ba a yarda ba, da iyakar inda zai taka a cikin gida, da ranar wankin banɗaki da kwashe shara. A rubuta tsawon notis ga kowane ɓangare. Wanda ya kawo shi ya sa hannu a matsayin mai tsaya masa, a ƙara shaida ɗaya, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Duk biyan da aka yi a ba da rasit, ko a tura ta banki don a samu shaida. Kafin duk wannan kuma a shiga ciki a nemi yardar matar gida, yarda ta gaske, wadda idan ta ce a'a magana ta mutu. Mutumin kirki ba ya gudun irin wannan takarda. Wanda ya ɓata rai don an ce ya sa hannu, ya taimake mu, ya nuna halinsa tun kafin ya shigo da kaya.

Takardar kuma kariya ce ga ɗan hayar kansa, don mu ma ba mala'iku ba ne. A cikinmu akwai mai ƙara kuɗi tsakiyar shekara saboda ya ga yaro ya sayi babur. Akwai mai shiga ɗakin mutum ba sallama wai gidansa ne. Akwai mai mayar da ɗan haya ɗan aike, da mai jibga masa kuɗin wutar gida gaba ɗaya, da mai sa wa bazawara ido a kan duk wanda ya yi mata sallama. Ɗan haya mai wahalar sha'ani, wani lokaci mai gida mai wahalar sha'ani ne ya ƙera shi. Idan akwai rubutu, kowa ya san iyakarsa.

To, wanda ya riga ya shiga ciki fa, ɗan haya na ɗaki, takarda babu? Ya fara da abin da ya daɗe yana gudu: ya zaunar da shi ido da ido, a gaban wanda ya kawo shi, ya faɗi abin da ke damunsa ɗaya bayan ɗaya, ba habaici, ba aiken yara, ba ɗaure fuska a zaure ana jiran ya gane. A nan ne zai bambance mutum biyu. Akwai wanda ƙarfinsa ne ya gaza, albashi bai shigo ba ko an sallame shi daga aiki. Wannan Alƙur'ani ya ce a saurara masa har ya samu, a yafe ma ya fi. Akwai kuma mai shi a hannu yana ja, yana canza waya yana cewa babu, wanda hadisi ya kira jinkirinsa zalunci. Na farko a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, na biyu a yanka masa rana. Duk abin da aka cimma a rubuta shi a wurin. Idan bai cika ba, ga mai unguwa, ga limami, a Kano ga Hukumar Hisba da take sulhu a irin waɗannan rigingimu tun kafa ta a 2003. Idan sulhu ya ƙi, notis a rubuce, sannan kotu. Kuma sau da yawa yafe bashin wata biyu ko uku don mutum ya tashi salin-alin ya fi arha a kan zaryar shari'a. Wanda ya yi haka bai faɗi ba, gidansa ya fansa.

Mu koma gidan da muka fara da shi. Yau ɗakin a rufe yake, an mayar da ƙofar an sa kwaɗo. Mai gidan ya rantse ba zai ƙara ba kowa haya ba har ya mutu, kuɗin makarantar yara kuma yana nan yana jiransa. A bakin titin unguwar akwai wani malamin firamare, mai mutunci da tsoron Allah, da yake kwana a shagon abokinsa saboda kowa ya ce ya daina saka baƙo a gida. Shi ma yana cikin masu biyan bashin shirun nan, alhali bai ci nanin ba.

Saboda haka, idan gobe abokin masallaci ya sake zuwa da wani yaron kirki, kada mu ce masa a'a don tsoro, kada kuma mu ce to don kunya. Mu ce, "Malam, bari in shiga in yi shawara da mai ɗakin. In ta amince, ku dawo jibi bayan la'asar, kai ma za ka sa hannu."